Yadda Ake Mayar da Littafin Hikaya Labarin Zane Ba Tare da an Kashe Dodo ba

Duk wanda ya taɓa kwanciya a tabarma a tsakar gida bayan isha'i, kaka ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku", aka amsa "Ta zo mu ji ta", ya san babu yaron da ya taɓa ganin Dodo. An dai ce gashi ya rufe shi, an ce da ya shigo gida sai ya ce yana jin warin mutum. Ragowar kowane yaro shi ke ƙera nasa a cikin duhu, kuma wanda ya ƙera da kansa ya fi kowanne firgita shi. Marubucin littafi ma yana cin wannan gajiyar, domin kalma ba ta nuna fuska. Mai zane kaɗai aka ɗora wa nauyin fito da abin fili, kuma ranar da ya zana Dodo tun daga ƙafa har kai da rana tsaka, ranar Dodo ya mutu.

Wannan jagorar ta wanda yake riƙe da littafin hikaya ce, irin wanda aka gina a kan tatsuniya, yana so ya mayar da shi labarin zane, wato shafuka masu akwatuna a jere, hoto da magana tare. Zan riƙa misali da aikin da na fi sani, labarin 'yar bora da kishiyar uwa ta aika kogi mai nisa, a shafi 24. Kowane akwati ina kiransa taga. Farin filin da ke tsakanin taga da taga kuma lungu nake ce masa.

Mataki na 1: izini kafin feƙe fensir

Tatsuniya ta kowa ce, amma littafi yana da mai shi. Sunayen da marubuci ya raɗa, da garuruwan da ya ƙirƙira, da yadda ya karkatar da labarin, duk guminsa ne. A dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, kariyar rubutu tana kaiwa shekara 70 bayan rasuwar marubucin, kuma mayar da littafi wata siga yana cikin abubuwan da sai da yardar mai haƙƙi. Tsufan littafi ba hujja ba ne. Abubakar Imam ya rasu a 1981, don haka Ruwan Bagaja, duk da an buga shi tun 1934, yana cikin kariya har ƙarshen 2051. Ka nemi marubucin ko magadansa ko kamfanin da ya buga, ku rubuta yarjejeniya: sunan wa zai fito a bango, ina za a sayar, yaya za a raba abin da aka samu. Zumunci ya fi daɗewa idan takarda ta shaida shi.

Mataki na 2: karatu uku

Karatun farko ka yi shi babu biro a hannu. Ka bari labarin ya ɗauke ka. Idan ka rufe littafin, ka rubuta wurare biyar ko shida da suka tsaya maka a ido. Waɗannan su ne ginshiƙan aikinka, kuma za ka lura kusan duk hotuna ne: yarinya ita kaɗai a bakin ruwa, hannun kishiya yana miƙa ƙwarya, hayaƙi daga bukkar da ba a san mai ita ba.

A karatu na biyu ka ja layi a ƙarƙashin duk abin da ido zai iya gani ko kunne ya ji. A na uku ka nemo akasinsa, wato abin da ke cikin zuciya. Nan ne aikin yake. Marubuci zai iya cinye shafi biyu yana bayyana yadda 'yar bora take jin ba a sonta a gidan ubanta. Kai ba ka da shafi biyu. Sai ka tambayi kanka, wane abu guda ne zai faɗi wannan? Ni na sami nawa a akushi. Taga ɗaya: 'yar mowa da tuwo da miya har da tsoka a kai. Taga ta kusa: 'yar bora tana kankarar ƙanzo a gindin murhu. Ban rubuta kalma ko ɗaya ba a wurin.

Mataki na 3: yanka

Littafi mai shafi ɗari da ɗoriya ba zai shiga shafi 24 ba sai an yi masa fiɗa. Me ya sa 24? Ƙaramin littafin da ake ɗinkewa da waya a tsakiya ana yin sa ne da manyan takardu a naɗe, kowacce tana ba da shafi huɗu. Dole adadin ya zama wanda ke rabuwa gida huɗu daidai, kamar 16, ko 20, ko 24, ko 32. Gara ka san wannan tun yanzu da ka je wurin mai ɗab'i da shafi 26 ya ce ka cire biyu ko ka ƙaro biyu.

Ka rubuta labarin duka a layi goma. Abin da bai samu shiga layi goman nan ba, ka zarge shi. Ƙawayen da ba su canza komai ba a haɗe su su zama ɗaya. Tafiyar kwana bakwai ta koma taga uku. Sannan ka raba shafuka, kuma kada ka raba su daidai wa daida. Ni gida da aike na ba su shafi 5, hanya da koguna 8, gidan Dodo 7, dawowa 4. Inda labari ya yi nauyi nan ake shimfiɗa masa tabarma mai faɗi.

Yankan yana da zafi, musamman in kana son littafin. Na cire wata tsohuwa da nake ƙauna ƙwarai saboda ba ta da wurin zama, har yau ina ajiye da zanenta.

Mataki na 4: zanen gwaji, inda ake yin ainihin littafin

Ka ɗauki takardar A4 ka raba ta gida takwas. Kowane gida shafi ɗaya ne na littafinka. A ciki ka zana tagogi, mutane kuma ka yi su da 'yan sanduna da da'ira. Kada ka nemi kyau. Abin da kake nema shi ne inda idon mai karatu zai bi. Gyaran shafi a nan minti biyar ne, gyaransa bayan an sa tawada kuwa kwana biyu.

Taga biyar ko shida a shafi sun isa. Girman taga shi ne tsawon lokaci: ƙanana a jere suna gudu, mai faɗi tana sa mutum ya tsaya ya numfasa. Idan Gizo yana tserewa, ka tsinka tagogin ƙanana ƙanana. Idan yarinya ta iso bakin kogin da ta yi ta nema, ka ba ta rabin shafi, ka kuma yi shiru.

Ka kula da juya shafi. A littafin boko shafi mai lamba mara yana dama, mai lamba cika yana hagu. Mai karatu in ya buɗe, idonsa yana satar kallon shafuka biyun gaba ɗaya, saboda haka abin mamaki ba ya ɓoyuwa sai a bayan takarda. Tagar ƙarshe ta shafin dama ita ce wurin tambaya: hannun yarinya a kan asabarin bukka. Amsar tana saman shafin hagu, bayan an juya. In da ajami kake rubutawa, duk tsarin zai koma daga dama zuwa hagu, har da yadda mutane ke tafiya a cikin hoto.

Tatsuniya tana son maimaici. Yarinya ta je kogi na farko ta yi waƙa, ta je na biyu ta sake, ta je na uku. Sabon mai zane yakan ji tsoron gundura ya yi ta canza tsari. Kada ka canza. Ka zana shafuka ukun da tsari iri ɗaya, taga a inda taga take, yarinya a inda take tsaye, sai abu ɗaya ko biyu su riƙa sauyawa: launin ruwan, tsawon inuwarta, zanenta da ke ƙara yagewa. Yaro zai gane salon tun a shafi na biyu, ya fara jiran na uku, kamar yadda muke jiran amshi a bakin kaka. A karo na huɗu sai ka fasa tsarin gaba ɗaya. Waƙar kuma kada ka kulle ta a kumfar magana, wato da'irar da ake rubuta zancen mutum a ciki. Ka bar kalmomin su kwanta a kan ruwa, su tsallake lungu zuwa taga ta gaba.

Lungun nan shi ne duhun tsakar gidanka. Ka nuna hannu ya ɗaga bulala, taga ta gaba ka nuna kaji sun watse. Dukan ya faru a lungu, mai karatu ne ya yi shi a kansa, kuma ya fi jin zafinsa. Haka za ka yi wa Dodo. A shafuka bakwai na gidansa na nuna sawunsa wanda yarinya ta tsaya a ciki da ƙafa biyu, na nuna inuwarsa ta rufe zaure, na nuna yatsu uku a bakin ƙofa, na nuna ido guda ta ɓular danga. Sau ɗaya tak ya fito, shi ma taga ta kasa ɗaukarsa, kansa ya wuce saman layi. Abin da ya fi ƙarfin akwatinsa ya fi ƙarfin mai kallo.

Wata ƙa'ida ƙarama: idan mutum biyu suna magana, wanda ke hagu ya ci gaba da zama a hagu har a gama zancen. Wanda zai fara magana shi ake sawa a ɓangaren da ake fara karatu. Mai fita daga gida ya nufi dama, mai dawowa ya nufi hagu.

Mataki na 5: mutanen labari

Kowane mutum ka ba shi takarda tasa: gaba, gefe, baya, da fuska cikin fushi, tsoro, murna da kunya. Kunya tana da muhimmanci a labarinmu, kuma a kafaɗa da sunkuyar da kai take zama fiye da a fuska. Sannan ka jera su duka a layi ɗaya don a san wa ya fi wa tsawo. Daga nan ka shafe kowannensu da baƙi ƙirin, ya zama inuwa kawai. In ba ka iya bambanta 'yar bora da 'yar mowa a inuwa ba, ka koma ka gyara ɗaurin zane, kitso, ko yadda kowacce ke tsayawa.

Gizo sai ka yanke shawara: gizo-gizo ne mai ƙafa takwas, ko mutum ne mai halin gizo? Ni na yi shi siririn mutum mai dogayen gaɓɓai da 'yar hula a karkace, inuwarsa kaɗai ke da ƙafa takwas. Tsamin bakinsa kuma ka bar masa a rubuce, ya ce "sayki" a gaban sarki, domin da wannan yara suke gane shi.

Akwai abin da nake roƙon kowane mai zane. Kada ka yi 'yar kirki fara, muguwa baƙa. Kada ka sa nakasa ko tsagar wata ƙabila ta zama alamar mugunta. Yarinyar da za ta karanta littafin tana duba fatarta bayan ta rufe shi. Muguntar kishiya tana iya zama a murmushinta, ta fi ma tsoratarwa a haka. Annabawa da sahabbai ba a zana su, ayoyi kuma ba na sa su a shafi, don na san inda tsohuwar takarda kan ƙare a hannun mai ƙosai.

Mataki na 6: ƙasar da labarin yake

Hannun da ya koyi zane daga katun ɗin waje, in aka ce masa fada sai ya zana hasumiya mai tsini da tuta. Maganin wannan fita ne da littafin zane. Ka je Gidan Makama a Kano ka zauna ka kalli yadda zanko ke tsaye a kusurwar soro, da yadda azara ke jere a rufi. Ka shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ka ga yadda bakan gizo ke ɗaukar rufin ɗaki. Wanda ke Nijar yana da unguwar Birni a Damagaram da zanen bangonta. Marinar Ƙofar Mata za ta koya maka baba, daga mai haske har wanda ya kusa zama baƙi. Ka zana rumbu, turmi, faifai, tulu a kan gammo, aska takwas a ƙirjin riga, kuka da rani ba ganye. Hoton waya yana taimako, amma abin da ka zana da hannunka a wurin shi ke zama a kai.

Wannan ba sabon tunani ba ne. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, cikinsu har da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya a kan cewa dabarar da aka koya a aji sai an haɗa ta da gadon gida. Okeke ya ɗauko layin uli, zanen jiki da bango na matan Ibo, ya zana halittun tatsuniyoyinsu da shi. Mu ma muna da namu layin: zayyanar allon sauka, dagi, sassaƙar ƙwarya, lallen hannu. Ni da zayyanar allo na kewaye tagogin duniyar aljanu, na bar na gida da miƙaƙƙen layi. Mai karatu yana sanin an tsallaka ba tare da an gaya masa ba.

Mataki na 7: rubutu, fensir, tawada

Ka zana shafi ya fi yadda za a buga shi girma. A3 in za a buga A4, ko A4 in za a buga A5. Raguwar tana kaiwa kashi 71 cikin ɗari na asali, kuma tana ɓoye rawar hannu.

Magana ake fara sawa kafin hoto. Ka rubuta ta, ka kewaye ta da kumfa, sannan ka zana a filin da ya rage. Kalma 20 a kumfa ɗaya ta yi yawa ma. Kuma duk abin da hoto ya riga ya faɗa, ka goge shi daga rubutu. In ana ganin tana kuka, "sai ta fashe da kuka" ba shi da aiki. Hausa ta ba mu kyautar da ya kamata mu mora: tsulum, tim, garam, wuf, zumbur, fir, tsit. Ka zana su da hannu, tim ya yi kauri ya zauna a ƙasa, fir ya sirance ya tashi sama.

In da kwamfuta za ka yi rubutun, ka gwada ɓ da ɗ da ƙ da manyansu tun kafin ka fara, har da ƴ in masu karatunka na Nijar ne. Yawancin haruffan da aka ƙera don labarin zane ba su da lanƙwasa, sai ka ga akwati ya fito a tsakiyar kalma. Andika da Noto Sans suna da su. Na taɓa karɓar bugu aka mayar mini da "ƙafa" ta zama "kafa" tun daga farko har ƙarshe, shi ya sa yanzu nake mayar da rubutun hoto kafin in miƙa.

Fensir HB ya isa, a riƙe shi sakwa-sakwa don ya gogu. Wajen tawada, alƙalamin kara irin na makarantar allo yana ba da layi mai rai, ya yi kauri ya sirance, kuma ya dace da tatsuniya ƙwarai. Amma tawadar gawayi da ƙaro don a wanke ta aka yi ta, ruwan kala na taɓa ta za ta narke. In za ka shafa kala a kai, ka nemi tawadar Indiya wadda ba ta jin ruwa bayan ta bushe. Da hunturu tawada tana bushewa a bakin alƙalami, sai ka riƙa zuba kaɗan kaɗan. Abin da ke kusa ka ba shi layi mai kauri, na nesa siriri. Kada ka ji tsoron baƙi. Shafin dare rabinsa yana iya zama baƙi zalla.

Mai aiki da waya ko kwamfuta yana da manhajojin zane: Krita, kyauta ce, da ibisPaint da MediBang Paint. Ka raba zane, kala da rubutu kowanne a shimfiɗarsa, ka kuma riƙa adanawa, don wuta ba ta sallama in za ta tafi.

Mataki na 8: kala

Huɗu sun ishe ni: baba, jan ƙasa, ruwan ɗorawa, da farin takarda. Gida jan ƙasa, dare da daji baba. Kore ban sa shi ko'ina ba sai a kogi na ƙarshe, saboda haka da ya bayyana sai ya zama kamar ruwan farko bayan bazara. In kuɗin bugu bai kai ba, baƙi da fari ba abin kunya ba ne.

Mataki na 9: gwaji da fitarwa

Zanen tawada ana ɗaukarsa a na'urar sikana da dpi 600, wato ɗigo 600 a kowane inci, mai kala da 300. In waya kawai gare ka, ka ɗauka a inuwa da rana, wayar tana daidai saman takardar ba a karkace ba. Mai ɗab'i zai so fayil a tsarin CMYK, wato tsarin kalolin tawadar injin bugu, da rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka. Rubutu ya nisanci baki da aƙalla milimita 5. Ka nemi ya buga maka gwaji ɗaya tukuna, domin shuɗin da ke haske a allon kwamfuta yakan dushe a takarda. Don masu karatu a waya kuma, ka sake jera tagogin daga sama zuwa ƙasa a faɗin fiksel 800, ka tsawaita lungu a inda da za a juya shafi. A WhatsApp ka tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse hoton rubutu ya dagule.

Kafin duk wannan, ka yi fotokofin shafukan a girman da za su fito, ka rufe maganganun da 'yan takardu, ka miƙa wa yaro ɗan shekara tara ko goma ya ba ka labarin daga hoto kawai. Kada ka taimake shi. Inda ya tsaya ya ce "wannan wace ce?", ko ya tsallake taga, ko ya koma baya, ka yi alama, can ne gyara yake. Sai ka buɗe maganganun ka sa wani ya karanta da ƙarfi, ka saurari inda harshe ya yi tuntuɓe. Marubucin ma ka kai masa ya gani tun ana iya gyarawa.

Yarinyar da na gwada da ita ta iso shafin da yatsu uku suka kama bakin ƙofa, ta ɗora tafin hannunta a kan takardar ta ƙi juyawa. Na tambaye ta yaya Dodon yake. Ta ce yana da haƙora har ƙirji. Ban zana masa haƙori ko ɗaya ba.

Shafi na 24 na mayar da shi tsakar gida. Taga ɗaya ce mai cika shafi: tabarma, yara biyu sun yi barci, ɗaya idonsa biyu yana kallon bakin zaure, kaka tana miƙa hannu za ta hure fitila. A can ƙasa, da ƙananan haruffa, na rubuta "Ƙurunƙus kan ɗan kusu".